Bakin Kawu a Rami na Sha Bakwai

Abokan wasa ne suka laƙaba masa Saura Ƙiris, da tafiya ta yi tafiya suka ga sunan ya yi musu tsawo a baki, sai suka bar shi a Ƙiris. Kuma ba zaluntarsa suka yi ba. Ya daɗe yana yawon gasar golf, wasan nan da ake bin 'yar farar ƙwallo da sanda har a jefa ta rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. A duk garuruwan da suka zaga babu ramin da ƙwallon Ƙiris ba ta san bakinsa ba. Cikin ne dai ba ta cika son shiga ba. Sai ta taho a guje kamar an aike ta, ta leƙa, ta gaisa, ta koma gefe ta zauna.

Mutanen unguwa kan gan shi a hoto da farin wando da hula mai baki, ciyawa kore shar a bayansa, sai su ɗauka ya gama da duniya. Ba su san ɗakin otal ɗin da yake rabawa da Dogo ba. Dogo abokinsa ne kuma abokin hamayyarsa, mota ɗaya suke shiga, wata tsohuwa da ake ɗaure bayanta da igiya saboda jakunkunan sanduna. Ɗaki ɗaya, tawul ɗaya, butar lantarki ɗaya wadda ake dafa shayi a ciki, a dafa taliya, a dafa ƙwai, har shayin ya koma ɗanɗanon duka ukun. Farin wandon nan na hoto a wurin wanke hannu ake wanke shi, a shimfiɗa shi ƙarƙashin katifa, nauyin Dogo ya goge shi kafin safe. Wani makon ka buga da kyau a tafa maka, a ba ka abinci a faranti mai gefen zinariya. Mako na gaba a sallame ka tun rana ta biyu, ka tsaya a bakin titi kana tura mota.

Abin da ke riƙe da wannan rayuwa duka shi ne katin gasa. Mai kati shi ke shiga wasannin shekara. In shekara ta ƙare, waɗanda suka zauna a ƙasa sai a karɓe nasu, a ce musu Allah ya kiyaye hanya. Bana Ƙiris yana daidai bakin layin nan, kuma gasa ɗaya ta rage.

Ranar da zai tafi, matarsa tana ninke masa riguna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Abban 'yan biyu, Baba ya ce in tuna maka kujerar nan tana nan."

Ya san kujerar. Surukinsa yana da shagon tayil a bakin babban titi, kuma tun ranar ɗaurin aure ya ajiye wata kujerar roba a bayan kanta, ya ce ta mijin 'yarsa ce duk ranar da ya gama wasan yara. Bara da katin ya kusa kuɓucewa, Ƙiris da bakinsa ya yi alkawari a gaban kowa cewa ranar da ya rasa shi, washegari zai zauna a kujerar.

"Ki ce wa Baba ya ci gaba da ɗora fayil a kanta," in ji shi.

"Ya sa an goge ta jiya."

Kamar wannan bai isa ba, sai mai ɗaukar masa jaka ya gudu. Kowane ɗan wasa yana da mai ɗaukar jaka, wanda ke bin sa da sanduna a kafaɗa, ya goge ƙwallo, ya duba iska, su yi shawara tare. Na Ƙiris ya samu wani ɗan wasa mai mota da na'urar sanyi, ya aiko da saƙon ban haƙuri mai cike da addu'a. Ƙiris ya je yi wa mahaifiyarsa sallama, ya yi kuskuren faɗa mata.

"Jaka ce kawai?" in ji Umma. "To ga Kawunka nan zaune ba abin da yake yi."

"Umma, ba ɗauka ba ce kawai. Aikin yana son mutum mai shiru."

"To ai sai ya koya."

Kawu ƙanin Umma ne, mai aski, bai daɗe da miƙa wa yaransa shago ba. Tun yana saurayi yake ɗaure mutane da ƙyalle a kujera, ya ɗora musu reza a wuya, ya ba su shawara a kan aure, siyasa, ciwon baya da irin motar da ya kamata su saya, ba mai halin motsi balle musu. Mutumin da ya saba da masu sauraro irin waɗannan ba ya warkewa. Ya iso da jakarsa da kayan askinsa a ciki, wai ko da wani zai buƙata.

A mota Ƙiris ya fara karatu. Dogo na tuƙi, gwiwoyinsa na taɓa sitiyari, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kawu, in mutum ya tsaya zai buga, ba tari, ba motsi, ba gaisuwa."

"Ko na san shi?"

"Ko ɗanka ne. Sannan ga babbar. Ni kaɗai za ka ba shawara. Kada ka ce wa wani ɗan wasa ɗauki wannan sanda, ko buga ta can. In ka faɗa, ni za a ƙara wa bugu biyu."

"Ni na yi magana, kai a hukunta?"

"Bakinka bakina ne a filin nan."

Kawu ya juya ya dubi Dogo. "Kai Dogo, gaskiya yaron nan yake faɗa, ko raina ni yake?"

"Gaskiya ne, Kawu. Amma ni in ka ga dama ka ba ni, ba na mayar da kyauta."

"Wasan marowata ke nan," in ji Kawu. "A ce ka ga ɗan'uwanka zai faɗa rami ka yi shiru?"

"Ramin muke nema, Kawu."

Da suka tsaya shan mai, dabara ta zo wa Ƙiris. Ya shiga kanti ya fito da ƙatuwar ledar alewa, mai taurin nan da ba ta narkewa da wuri, ya danƙa wa Kawu. Ya ce masa dokar filin ce, mai ɗaukar jaka ba ya rabuwa da alewa a baki saboda rana. Kawu ya ce wannan ita ce doka ta farko mai hankali da ya ji.

Alewar ta yi aiki, amma ba duka ba. Tsakanin wadda ta narke da wadda za a ɓare akwai ɗan lokaci, kuma a ɗan lokacin nan Kawu yakan sauke abin da ya tara. Ya gaya wa wani ɗan wasa da ya zo daga nesa cewa wanda ya yi masa aski bai ji tsoron Allah ba. Ya tambayi mai riƙe da allon a yi shiru ko nawa ne 'ya'yansa. Da ƙwallon Ƙiris ta faɗa kwarin yashi, aka ba Kawu manjagara ya share sawu, sai ya tsaya yana gyara gefe da gefe, ya ja baya ya karkata kai ya duba, ya dawo ya ƙara taɓawa, har na baya suka fara ɗaga hannu. Ya ce ba ya barin aiki da tabo.

Abin mamakin shi ne Ƙiris bai taɓa buga wasa kamar na makon nan ba. Da can in ya tsaya kan ƙwallo, kansa cike yake da kujerar roba da fuskar surukinsa. Yanzu duk tunaninsa ya koma kan ko alewar Kawu ta kusa ƙarewa, sai hannu ya samu sarari ya yi abin da ya iya. Ƙwallon da ta saba leƙe ta fara shiga har ɗaka. Kawu kuwa ya ɗauka duk aikinsa ne. Kowace yamma sai ya kira Umma ya ce, "Yaya, yaron nan da ma rashin babba a kusa ne ke damunsa."

Da aka zo ranar ƙarshe, lissafi ya fito fili ƙarara. Manyan can sama suna faɗan kofi, wannan ba ruwan su Ƙiris. A ƙasa gurbin kati ɗaya ya rage, kuma mutum biyu ne ke iya samunsa, Ƙiris da Dogo. Wanda ya gama gaban ɗan'uwansa shi ke da shekara mai zuwa. Masu shirya gasa, da yake ba su da tausayi, suka haɗa su tafiya tare.

Da safe suka sha shayi mai ɗanɗanon ƙwai, ba mai kallon wani. Dogo ya ɗaga katifa ya zaro wandon Ƙiris ya miƙa masa.

"Ga shi. Na kwana ina goge wa maƙiyina wando."

"Bai ma gogu ba. Ka rame."

"Kai dai ka ji tausayina yau. Kai kana da suruki mai tayil. Ni surukina a gidana yake cin abinci, har ya ce gishiri ya yi yawa."

"In na samu kati zan ɗauke ka ɗaukar jaka."

"In na samu zan zo sayen tayil. Ka yi min ragi."

Suka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Wasa ya yi zafi tun daga farko. Ƙiris ya wuce, Dogo ya kamo, Ƙiris ya sake wucewa. Da suka iso rami na sha bakwai, saura biyu a tashi, Ƙiris yana gaba da bugu biyu. Ramin gajere ne, bugu ɗaya ke kai mutum lallausar ciyawar da ke kewaye da shi, amma tsakani akwai tafki, kuma tafkin nan ya ci ƙwallayen mutane a makon har kifayen ciki sun daina gudu.

Ƙiris ne ya fara. Bai nemi burgewa ba, ya ɗora ta tsakiyar ciyawa, nesa da ruwa, nesa da rami kuma. Ya miƙa wa Kawu sanda, sai ya ga abin da ya sa gabansa ya faɗi. Ledar alewa tana leƙowa daga aljihun Kawu a lanƙwashe, ba komai ciki.

"Kawu, ina alewar?" ya tambaya a hankali.

"Na raba wa 'yan kallo. Mutane sun tsaya cikin rana tun safe, ni kaɗai ina tsotsa? Ai ba tarbiyya."

Dogo ya tsaya kan ƙwallonsa. Ya zaro sanda, ya mayar. Ya zaro wata, ya auna, ya koma ta farko. Mai ɗaukar jakarsa wani bawan Allah ne da ake kira Haka Ne, don duk abin da Dogo ya faɗa amsarsa ke nan. Dogo ya ce, "Ƙaramar za ta kai." Ya ce haka ne. Dogo ya ce, "Anya kuwa?" Ya ce haka ne. Kowa ya yi tsit. Dogo ya gyara tsayuwa da ƙaramar sandar, gumi na bin wuyansa.

Kawu ya yi ƙoƙari, wannan kam ko a gaban wa Ƙiris zai ba da shaida. Ya cije leɓe. Ya kalli sama. Ya sa yatsa a aljihu ya laluba ledar ko Allah zai sa guda ta maƙale. Amma ga mutum a gabansa, wanda suka ci taliya a buta ɗaya, zai yi kuskure a bainar jama'a.

"Haba Dogo," in ji Kawu, da muryar da yake gaya wa mutum cewa sanƙo ya fara masa. "Ajiye 'yar mitsitsiyar nan. Ba ka ga saman bishiyoyin can ba? Iska na sama. Ɗauki babbar."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. 'Yan kallo suna can bayan igiya, ba wanda ya ji sai su huɗu. Dogo ya ɗago a hankali ya dubi Ƙiris. Ƙiris ya dube shi.

"Ni ban ji komai ba," in ji Dogo.

"Haka ne," in ji Haka Ne.

Dogo ya kalli saman bishiyoyin. Ya mayar da ƙaramar, ya zaro babbar, ya buga. Ƙwallo ta tashi, iska ta tare ta a sama kamar yadda aka faɗa, ta sauko ta tsallake ruwa, ta gangara ta tsaya taƙi ɗaya daga rami. Fili ya ɗauki tafi.

Suka kama hanyar zagaye tafkin. Ƙiris yana tafe a baya, kansa na aiki kamar injin niƙa. A wasan nan mutum shi ke kai ƙarar kansa, haka aka koya masa tun yana tsintar ƙwallaye. Kuma in aka gano 'yan wasa biyu sun haɗa baki sun binne doka, duka biyun ake kora. Amma wa zai gano? Dogo ya ce bai ji ba. Haka Ne ba ya fara magana. In Dogo ya jefa tasa a bugu ɗaya, shi kuma ya ƙarasa da ƙarin bugu biyu, har yanzu yana gaba da ɗaya, saura rami ɗaya. Ya hango kujerar roba, an goge ta tana ƙyalli. Ya ce wa kansa zai faɗa. Ya ce wa kansa bari dai a gama ramin tukuna. Ya ce wa kansa ai shawarar ma ba shi ta amfana ba, wane irin hukunci ne a yi maka sata kuma a ɗaure ka?

Yana cikin wannan shari'a da kansa, bai kai ga yanke hukunci ba, sai ya jiyo muryar Kawu a gaba, a buɗe, kamar mai shela.

Alƙaliyar wasa ce ta iso a 'yar motarta ta lantarki, jin tafi ya jawo ta. Mace ce mai gilashi da littafin doka a aljihu, 'yan wasa na tsoronta fiye da tafkin. Kawu ya riga ya isa gare ta, jaka a kafaɗa, ƙirji a gaba.

"Ranki ya daɗe, kin ga bugun nan? To ni na zaɓa masa sanda. Da ƙaramar zai buga. Na ce masa Dogo, iska na sama. Tambaye shi, ga shi nan."

Dogo ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ke ɗaure.

Alƙaliya ta cire gilashi. "Baba, jakar wa kake ɗauke da ita?"

"Ta ɗan yayata. Ga shi can tafe, mai tafiya kamar an yi masa mutuwa."

Ta jira Ƙiris ya iso. "Haka aka yi?"

Ƙiris ya buɗe baki, ya ga babu sauran abin ɓoyewa, har ya ji wani ɗan sauƙi mai ban haushi. "Haka aka yi."

"Shi ya tambaya?" Ta nuna Dogo.

"Bai tambaya ba," in ji Kawu da alfahari. "Ni ba sai an tambaye ni ba."

"Bugu biyu," in ji ta, ta dubi Ƙiris kamar mai ba shi haƙuri.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Kawu. Ya sauke jaka. "Tsaya, 'yata. Yanzu laifi ne ka ga mutum zai jefa ƙwallonsa a ruwa ka ce masa kul?"

"A nan laifi ne, Baba."

"To ki rubuta a kaina. Ni na faɗa. Ki ƙara min goma ma."

"Ba ka da inda zan rubuta."

"To mu je wurin manyanki. Ni na aske kan alƙalai na gaske, masu..."

"Kawu!" Ƙiris bai san muryarsa za ta fita haka ba, har 'yan kallo suka waiwayo. "Don girman Allah ka rufe bakinka! Nan ba shagon aski ba ne. Ba wanda ya ɗaure kansa a kujera ya ce ka yi masa wa'azi. Ka yi shiru, shiru kawai, ko sau ɗaya a rayuwarka!"

Kawu ya dube shi. Yaron da ya yi wa askin farko, yana tsala ihu a cinyar Yaya. Ya sunkuya ya ɗauki jaka, ya gyara ta a kafaɗa, ya wuce gaba.

Dogo ya jefa tasa a bugu ɗaya, Ƙiris ya ƙarasa da ƙarin bugu biyu. Da aka ɗora hukunci, wanda ke gaba ya koma baya. Dogo ke gaba da bugu ɗaya, saura rami ɗaya.

Haushi ma wani lokaci yana da amfani. A rami na ƙarshe Ƙiris ya narka wa ƙwallo duka kamar ita ta raba alewar, ta tafi ɗoɗar tsakiyar fili. Bugu na biyu ya ɗora ta kan lallausar ciyawa, 'yan taku kaɗan daga rami. Dogo ya ɗan sha wuya a yashi, amma ya fito, ya gama da huɗu. Ƙiris yana da bugu na uku a hannu. In ta shiga sun yi kunnen doki, sai a koma a sake rami ɗaya tsakaninsu. In ba ta shiga ba, tayil.

Ya tsuguna bayan ƙwallo ya duba. Ƙasar kamar ta karkata hagu. Ya zagaya ɗaya gefen, sai ya ga kamar dama. Ya dawo, ta koma hagu. Idonsa ya fara ruwa. Alƙaliya tana gefe tana duban agogo, don ba a ba mutum yini guda. Kuma ga Kawu tsaye riƙe da tutar da ya zare daga ramin, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban inda layi ya karkace a ƙeyar mutane, mutumin da ɗazu ya ga iskar da 'yan wasa biyu ba su gani ba.

Ƙiris ya matsa kusa da shi. "Kawu, ya ka gani? Hagu ko dama?"

Kawu yana kallon wani tsuntsu.

"Kawu, yanzu an halatta. Ni ne naka. Ni doka ta ce ka ba."

Kawu ya ɗaga yatsu biyu ya kama leɓunansa ya matse.

"Kawu, na tuba. Wallahi na tuba. Ka yi min faɗan a mota, har gida ba zan ce uffan ba. Hagu ko dama?"

Kawu ya ɗaga kafaɗa, ya nuna bakinsa, ya nuna Ƙiris, ya buɗe tafin hannu, wato kai ka ce. Dogo da ke gefe ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, ba a san dariya yake ko kuka ba.

Lokaci ya ƙure. Ƙiris ya zaɓi hagu, ya tsaya, ya ja numfashi, ya tura. Ƙwallo ta tafi sumul, mutane suka fara miƙewa. Ta nufi rami kamar ta san gidan. Da ta zo bakin ƙofa sai ta tuna halinta, ta bi gefen, ta zagaya rabin bakin ramin tana leƙen ciki, ta fito ta zauna. Tsakaninta da shiga bai kai faɗin farce ba.

Fili ya yi "ahhh" gaba ɗaya. A cikin shirun da ya biyo baya, Kawu ya mayar da tuta, ya yi gyaran murya.

"Dama ce," in ji shi. "Tun daga can na gani."

Dogo ya zo ya rungume Ƙiris, ya daɗe bai sake shi ba, yana cewa wallahi da shi ba a ji komai ba. Ƙiris ya ce ya sani, ya sake shi haka, yana taka masa ƙafa. A hanyar gida mota ta mutu sau biyu, kuma duk biyun Ƙiris ne ya tura, don mai kati ba ya tura mota, in ji Dogo, kada ya ji ciwo a baya. Kawu kuwa bai yafe faɗan motar da Ƙiris ya yi masa alkawari ba. Tun daga ƙofar fili har ƙofar gida bai haɗiyi yawu ba.

Kujerar robar ta fi yadda ya zata daɗin zama, wannan ne ya fi ba shi haushi. Surukinsa bai yi masa gori ba, ya dai sa an kawo masa shayi na gaske, wanda ba a dafa ƙwai a butarsa ba, ya tsaya yana kallonsa yana sha kamar wanda ya ci gasa. 'Yan biyu suka daina ɓuya bayan uwarsu in ya shigo. Ya ajiye sanda guda a bayan kanta, in ba ciniki sai ya gara ƙwallo a kan tayil ɗin da aka shimfiɗa don nuni, ya sa kofi a kwance a ƙarshe. A nan ma leƙawa take yi. Akwai gasar neman sabon kati bayan damina, bai gaya wa kowa yana tunaninta ba, amma matarsa ta wanke farin wandon ta goge shi da dutsen guga, ta rataye a inda zai riƙa gani.

Da sabuwar kakar wasa ta kama, Dogo ya sallami Haka Ne. Ya gaya masa dalili, ya ce haka ne. Sannan ya je har gida ya roƙi Umma aron ƙaninta. Yanzu Kawu ke ɗaukar jakar Dogo, yana ba shi shawara daga rami na ɗaya har na ƙarshe bisa doka, kuma an ce yana yi wa rabin 'yan wasan aski a bayan mota. Yakan kira Ƙiris daga hanya ya ce Dogo ba ya jin magana, kuma minsharinsa ya fi na injin aski.

Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo shago da matarsa, suka tsaya gaban tayil iri biyu, mai sheƙi da mai kaushi. Na banɗaki suke nema. Mutumin ya ɗauki mai sheƙin, ya ajiye, ya ɗauki ɗayan, ya koma na farko. Ƙiris yana kallonsa. Ya san mai sheƙin nan in ya jiƙe sai ya kai mutum asibiti. Ya naɗe hannu a ƙirji, ya kalli silin, ya yi tsit yadda ya saba yi duk lokacin da wani ke zaɓen sanda.

Surukinsa ya leƙo daga ofis, ya dubi masu saye, ya dubi Ƙiris.

"Kai! Me kake jira? Ba su shawara mana!"

Ƙiris ya waiga hagu, ya waiga dama, kamar mai neman 'yar motar lantarki. Sannan ya matso kusa da mutumin, ya rage murya.

"Ajiye wannan," in ji shi. "Ɗauki ɗayan."